Yadda za ka bi sawun kakanka na farko da ya sauka Kaduna

In dai a Kaduna aka haife ka kuma kai ba Gbagyi ba ne, to akwai wani mutum ɗaya a danginku da ya fara sauka garin nan, ko daga jirgin ƙasa ko da ƙafa, kuma zuwan nasa bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Wannan wani sauƙi ne da muke da shi wanda Bakano ko Bakatsine ba shi da shi, su garuruwansu sun yi ɗaruruwan shekaru ana zaune, mu kuwa Turawa ne suka zana namu, sojojin Gwamna Lugga suka fara tarewa wajen 1913, sannan aka kwaso hedkwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan a 1917. Kenan tsakaninka da wanda ya fara zuwa bai fi mutum uku ko huɗu ba, wataƙila ma har yanzu akwai tsohuwar da ta gan shi da idonta tana zaune a ɗaki ba wanda ya tambaye ta komai.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, ka nemi aikin da ya kawo shi. Mutane suna ɓata lokaci suna neman suna, suna kuwa a wancan zamanin canzawa yake yi kowane ofis da yadda ya rubuta shi. Amma ba wanda ya zo Kaduna haka kawai, ko soja ne, ko lebura a reluwe, ko masinja, ko kuku a gidan Bature, ko mahauci da ya biyo bariki da nama, ko malami da ya biyo almajiransa, ko ɗan koli. Takarda aiki take bi. Ka san aikin, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Fara da tsofaffin gida, musamman mata

Kar ka fara da intanet, kar ka fara da ofis. Ka jera sunayen duk wanda ya haura shekara saba'in a danginku, na wajen uwa da na wajen uba, ka fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rashin lafiya, don takardar da ke cikin fayil za ta jira ka, Gwaggo ba lallai ta jira ba. Kuma ni a ganina mata sun fi maza amfani nesa ba kusa ba a wannan aikin. Baffa zai ba ka labarin sarauta da jarumta, Gwaggo ce za ta gaya maka wa ya auri wa, wace ce aka saka, wane ɗa ne agola, wane ne aka ba riƙo, wane gida ake kai wa tuwon sallah da dalilin kai shi.

Ka je da ɗan abin hannu, goro ko turare ko sabulu, ka gaishe ta yadda ya kamata, kar ka zauna kana zaro tambayoyi kamar ɗan sanda. Ka ce Gwaggo so nake ki ba ni labarin gidan da kika tashi, sai ka yi shiru. Ka nemi izini ka kunna rikoda ta waya ka ajiye gefe, don in ka ce rubutawa za ka yi rabin maganar zai wuce ka, kuma muryarta ma kanta abin ajiyewa ce. Zama ɗaya ba ya isa, tsoho sai ka tafi yake tuno abu, ka koma bayan sati za ka ji ta ce af, ran nan na manta ban gaya maka ba.

Akwai matsalar alkunya da dole ka yi mata dabara. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗan farinta ba, na surukinta kuwa ko kusa, sai dai ta ce Malam, ko mai gidan nan, ko mai sunan wane. Kar ka matsa mata, rashin ɗa'a ne. Ka tafi da jikarta wadda suke wasa, ko ka faɗi sunan da kanka ka ce haka ne? ta gyaɗa kai, ko ka tambayi ƙanwar mijin wadda ba ruwanta da wannan kunyar.

Tambayoyin da suka fi buɗe baki su ne na abubuwan da ido ya gani. Wane irin zane ne a fuskarsa? Wane yare yake yi in ransa ya ɓaci, ko in baƙi sun zo daga gida? Su wa yake wasa da su a kasuwa? Wannan ta ƙarshen kar ka raina ta, in ka ji an ce kullum yana tsokanar Yarbawa suna tsokanarsa to ka duba wajen Gobir, in da Fulani yake yi ka duba Barno, in Zage-zagi yake zolaya ka duba Kano. Ba hujja ba ce da za ka tsaya a kanta amma tana nuna hanya. Sai ka tambaya wa yake zuwa daga ƙauye da kaka ya kawo hatsi, ina ake aika saƙon rasuwa, yana sa kaki ko riga yake sawa, ƙarshen wata yake samun kuɗi ko kullum.

Sunaye

Ka rubuta duk sunan da aka taɓa kiransa da shi, na yanka da laƙabi da na sana'a da na bariki. Mutum ɗaya zai iya zama Abubakar a wajen liman, Garba a gida, Ɗanladi a wajen kakarsa, a littafin Bature kuma ka tarar da Garuba an liƙa masa sunan gari a baya. Haka Muhammadu yake komawa Momadu ko Mamadu ko Momo, Abdullahi ya koma Audu ko Abdulai, Usman ya koma Osuman ko Sumanu. Akawun da ke rubutawa sau da yawa mutumin Kudu ne ko na Saliyo ko Gwalkwas, wato Ghana ta yau, abin da kunnensa ya ji shi yake sawa.

Sunan garin nan da ake liƙawa ka yi hattara da shi. Wanda aka rubuta wa Kano ba lallai ɗan birni ba ne, zai iya zama daga wani ƙauye na Gaya ko Rano ya faɗi garin da Bature ya sani, wani ma inda aka ɗauke shi aiki ne kawai aka sa masa, wani kuma da gangan ya ɓoye garinsu saboda abin da ya baro.

Yadda za ka fitar da shekaru

Ba wanda zai ce maka Kaka ya zo a shekara kaza. Abin da za a ce shi ne ya zo zamanin sarki wane, ko shekarar yunwa, ko bayan an dawo daga yaƙi. To ka tanadi ma'auninka. Sarakunan Zazzau, tunda Kaduna a ƙasar Zazzau take: Aliyu Ɗan Sidi 1903 zuwa 1920, Dalhatu zuwa 1924, Ibrahim zuwa 1936, Ja'afaru 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu zuwa 1975, sai Shehu Idris zuwa 2020. In daga Kano ya taso, Abbas ya rasu 1919, Usman 1926, Abdullahi Bayero 1953. In Katsina ne, Dikko ya yi daga 1906 zuwa 1944 sannan Usman Nagogo. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914 ta kori mutane da yawa daga ƙasar Kano da Katsina da Damagaram suka yo kudu neman abinci, annobar mura 1918, jirgin sama ya fara sauka Kano 1925, zuwan Sarauniya da babban hawan daba a Kaduna 1956, mulkin kai na Arewa 1959, kashe Sardauna Janairu 1966, canjin kuɗi zuwa naira 1973. In Gwaggo ta ce ina goye da babanka aka yi hawan Sarauniya, ka samu shekarar haihuwarsa kusan daidai, daga nan sai ka yi ta lissafi baya.

Jirgin ƙasa ma ma'auni ne. Layin Baro ya isa Kano 1911, layin Gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo Kafanchan ya haɗe da Kaduna a 1927. Wanda aka ce a jirgi ya zo daga Makurɗi ko Lafiya, ka san ba kafin nan ba ne.

Adakar tsohuwa

Kusan kowane tsohon gida akwai akwatin ƙarfe ko adaka ko jakar fata da ba a buɗewa. Ka roƙa a buɗe a gabanka, ka ɗauki hoton komai gaba da baya, ka mayar yadda ka same shi, kar ka ce bari in tafi da shi in kawo, nan ne rigima take farawa. Abin da kake nema: rasit na haraji, takardar sallama ta soja, lambar yabo ta yaƙi, katin fansho, katin asibiti, tsohon fasfo na hajji, takardar sayen gida ko fuloti, wasiƙu na ajami, da hotuna. Rasit na haraji yana ɗauke da suna da unguwa da shekara, kuma an yi ta karɓar haraji har 1979 da gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi, don haka in an yi sa'a za ka samu na shekaru da yawa a jere ka ga lokacin da ya tashi daga wata unguwa ya koma wata.

Ka duba Alƙur'aninsa da littattafansa, bangon farko da na ƙarshe. Malamai da yawa nan suke rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da rasuwar iyayensu da shekarar Hijira, wani har da sunan malamin da ya karantar da shi da garin. In ba ka iya ajami ba ka kai hoton wajen malamin zaure, kar ka kai wa wanda Larabcin makaranta kawai ya iya, rubutun warash na tsofaffi sai wanda ya saba.

Hoto kuma ka juya bayansa, galibi akwai hatimin mai hoto da sunan titi. Ka sa tsohuwa ta faɗi sunan kowa da ke ciki tun tana gani.

Unguwar da ya fara sauka

Kaduna ba a zauna ta barkatai ba. Turawa sun ware nasu wajen, suka bar fili na yadi 440 tsakaninsu da baƙar fata kamar yadda dokarsu ta garuruwa ta 1917 ta tsara, ma'aikata da 'yan kasuwa suka zauna tsohon Sabon Gari inda har yau kake ganin Kano Road da Katsina Road da Lagos Street da Abeokuta Street da Yoruba Road, leburori da sauran 'yan Arewa aka tura su Tudun Wada, ga Tudun Nupawa da Unguwar Kanawa da Unguwar Shanu da sunansu ma ya gaya maka su wa suka kafa su, Abakwa jikin bariki, Makera da Kakuri can tsallaken kogi wajen tasha da masaƙu. Inda ya fara sauka yana gaya maka ajinsa da aikinsa da kusan lokacin zuwansa. Wanda gidansa na farko yake Kakuri kuma aka ce a masaƙa ya yi aiki, to bayan 1957 ne da aka buɗe masaƙar KTL.

Ka je gidan mai unguwa da na limamin tsohon masallacin wajen. Gidajen nan gado suke yi, sun san wa ya sauki wa. Tambayar da za ka yi ita ce wa ya sauke shi, don baƙo a wancan lokacin ba ya kama haya kai tsaye, gidan wani mai gida yake sauka, kuma kusan kullum mai gidan ɗan garinsu ne ko ɗan sana'arsu. Ka gano mai masaukinsa, ka gano rabin asalinsa. In mahauci ne ka nemi gidan sarkin fawa, in maƙeri ne gidan sarkin maƙera, in zane ka samu a hoto ka kai wa tsohon wanzami, kallo ɗaya zai yi ya ce wannan askar Gobirawa ce ko ta Kabawa ko ta Barebari. Maƙabarta kuwa ba za ta ba ka komai a rubuce ba tunda ba ma sa suna a kabari, sai dai tsofaffin masu haƙa su nuna maka ɓangaren da aka binne mutanen wancan zamanin ka yi musu addu'a.

In soja ne

Nan ne aka fi samun takarda, kuma Kaduna garin soja ne tun ranar farko. Rundunar da Turawa suka kafa a 1897 ita ce ta ci Arewa, ita aka kai Kamaru daga 1914 zuwa 1916, aka kai Gabashin Afirka, a yaƙin duniya na biyu aka kai su Habasha sannan Bama, wato Myanmar ta yau, cikin runduna ta 81 da ta 82. Barikin Dalet da ke Kawo da barikin Kalapanzin da ke Kakuri duk sunayen wurare ne na Bama inda kakanninmu suka yi yaƙi, mutane suna wucewa kullum ba su sani ba.

Abin da ya fi suna muhimmanci a nan shi ne lambarsa ta soja. Tana jikin takardar sallama, tana jikin katin fansho, wasu lambobin yabon ma an buga ta a gefensu da suna, ka sa tabarau ka duba bakin ƙarfen sosai. Tsofaffin sojoji har su mutu ba sa manta lambarsu, wani lokaci matansu ma sun haddace don da ita ake karɓar fansho. Takardar sallama in ta tsira tana faɗin inda aka ɗauke shi, ƙabilarsa, tsawonsa, zanen fuskarsa, shekarun da ya yi da muƙaminsa, ko kofur ko saje ko samanja.

In a yaƙi ya mutu bai dawo ba, ka shiga shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, CWGC, kyauta ne, ka sa lambar ko ka gwada sunan da duk rubutun da na faɗa a sama. Sunayen 'yan Najeriya da yawa suna jikin bangon tunawa na Rangun a maƙabartar Taukkyan can Bama, wasu kuma kabarinsu na nan da suna da lamba da ranar mutuwa. Akwai gidajen da har yau abin da suka sani kawai shi ne ya tafi Bama bai dawo ba, alhali ranar rasuwarsa tana rubuce. Na yaƙin farko da na yaƙe-yaƙen cin Arewa kuma, jerin waɗanda aka ba lambar yabo yana gidan adana takardu na Ingila da ke Kew, ana iya bincika wani ɓangare ta intanet. Ka leƙa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ma, ko ba su da fayil za su haɗa ka da wanda ya san gidan.

Reluwe, gwamnati, makaranta, coci

Ma'aikacin reluwe na dindindin yana da lamba da katin aiki da fansho, ka fara da ofishinsu na Zariya da ƙungiyar 'yan fansho. Amma leburan da aka ɗebo ta hannun hakimi don shimfiɗa layi, wannan adadi kawai ake rubutawa, mutum kaza daga gunduma kaza, haka ma waɗanda aka kai haƙar kuza Jos lokacin diban gwamna, wato aikin tilas, a shekarun 1942 zuwa 1944. Akawu da malamin asibiti da tafinta za ka iya samun naɗinsu da canjin wurin aikinsu a gazet ta gwamnati. In ya yi boko, rajistar makaranta tana da sunan uba da garin da yaro ya fito, ka tuna Kwalejin Katsina ta dawo Kaduna a 1938 kafin a mayar da ita Zariya a 1949, don haka rajistar tana bin makarantar ne can Kwalejin Barewa, sunanta na yanzu. 'Yan'uwanmu Kirista kuma su suka fi kowa sa'a, littafin baftisma da na aure a tsofaffin coci irin St. Michael da St. Joseph yana da kwanan wata da sunan iyaye da shaidu.

Gidan adana takardu

Sai ka gama duk wannan sannan ka nufi National Archives da ke kan titin Yakubu Gowon. Ɗaya ce cikin manyan guda uku na ƙasar nan, da ta Ibadan da ta Inugu, aikin da Kenneth Dike ya faro a 1954, kuma takardun duk lardunan Arewa nan aka tara su. Ka je da katin shaida da 'yar takardar da ke bayyana abin da kake nema, da fensir da littafi, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka ɗaga waya. Ka ware kwanaki, ba aikin awa biyu ba ne.

Kar ka shiga ka ce ina neman sunan kakana, ba haka aka jera su ba. An jera su ne bisa ofishin da ya rubuta su. SNP takardun sakatariyar lardunan Arewa ne, ZARPROF na lardin Zariya, haka Kano da Sakkwato da sauransu kowanne da nasa. Za a ba ka littafin jerin fayiloli, ka bi shi layi-layi ka rubuta lambar duk wanda ya shafi unguwarku ko sana'arsa ko gundumar da ya fito. Kaduna tana ƙarƙashin lardin Zariya har 1956 da aka ware ta ta zama yankin babban birni, don haka na kafin nan a Zariya za ka duba. Masu asalin Katsina ku lura da wannan don yana ɓatar da mutane: Katsina tana cikin lardin Kano har 1926, aka mayar da ita lardin Zariya, sai 1934 ta zama lardin kanta. Fayil ɗin ƙauyenku zai iya kasancewa a wuri uku.

Abin da ya fi daɗin karantawa shi ne rahoton kimanta haraji da Di'o yake rubutawa in ya zaga gunduma. A ciki akwai tarihin kafuwar ƙauyuka, jerin dagatai, ƙabilun da ke zaune, sana'o'i, kasuwanni, wani lokaci har da dalilin da ya sa mutane suke gudu daga wajen. Da wuya ka ga sunan talaka, gaskiya ce wannan, ƙidayar 1921 da 1931 da 1952 ma adadi ne ba sunaye ba. Amma za ka ga duniyar da ya baro da abin da ya kore shi, kuma in ya taɓa rubuta takardar koke, ko ya nemi fuloti, ko an yi shari'a da shi, ko ya riƙe unguwa, sai ka ga sunansa tsaf har da dangwalen yatsansa. Ka karanta da hankalinka, Bature ta bakin tafinta yake ji, tafinta kuma yana da nasa son ran.

Daga nan ka wuce Arewa House a Rabah Road, tsohon gidan Sardauna da Farfesa Abdullahi Smith ya mayar cibiyar tarihi a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami, da kundayen digiri da ɗalibai suka yi kan unguwanni da garuruwa, kuma waɗannan kundayen suna da daraja don masu su sun yi hira da tsofaffin da yanzu duk sun rasu, a ƙarshen kundin za ka ga sunayensu da shekarunsu da unguwarsu. Ka nemi tsofaffin jaridu ma, Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, New Nigerian tun 1966. Wanda yake nesa kuma, ɗakin karatu na British Library ya sa hotunan wasu tsofaffin fayiloli na Kano da Kaduna a intanet kyauta.

Kotu da filaye

Wannan mutane ba sa tunawa da shi, alhali rabon gado shi ne takarda ɗaya tilo da dole a jera matan mutum da 'ya'yansa duka, har da wanda gidan ba ya son a ambata. In an raba gadon kakanku a gaban alƙali, ka gano wace kotu ce da kusan shekarar, ka nemi magatakarda cikin ladabi. Kotunan alƙalai na En'e su ne suka koma kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, littattafan wasu suna nan wasu sun lalace. Fayil ɗin fili ma haka, in gidan yana da takardar mallaka ka ɗauki lambarta ka je hukumar filaye ta jihar Kaduna, KADGIS, fayil ɗin yana nuna wanda aka fara ba fulotin da duk hannun da ya bi.

Komawa garin da ya baro

In ka samu sunan ƙauye, ka je da ƙafarka, ka fara da gidan dagaci, ka tafi da hoto da duk sunayen da ka tara, musamman sunan ubansa da na 'yan'uwan da aka ce ya bari. Kar ka fara faɗin labarin da ka sani, ka bari su faɗi nasu tukunna ka ga ko zai haɗu, don mutanenmu suna da kara, in ka ce kakana ɗan sarki ne za a ce ƙwarai kuwa don kar ka ji kunya. Ka kuma bayyana tun farko cewa ba gona ka zo nema ba, zumunci ka zo nema, in ba haka ba bakin kowa zai rufe.

Da yawa sawun zai tsallaka iyaka. Mutanen Maraɗi da Tasawa da Damagaram da Adar sun yi ta gudowa Najeriya saboda aikin tilas da ɗibar soja na Faransa, suka zo suka ce su Katsinawa ne ko Sakkwatawa. In haka ne takardun suna Yamai da Faransanci, amma dangin suna nan a ƙauye kuma Hausa ɗaya za ku yi. Wani reshen kuma za ka ji an ce ya tafi hajji ta ƙasa bai dawo ba, waɗannan ka neme su Sudan, wajen Mai Wurno da garuruwan Jazira.

Akwai kuma inda za ka zo labari ya tsaya cak, a ce shi dai daga kudu ya zo, ko ba a san iyayensa ba, ko tsohuwa ta canza magana. Sau da yawa bauta ce. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma sabon gari irin Kaduna da aikin soja da reluwe su ne mafakar wanda ya gudu daga rinji ko ya fanshi kansa yana son ya fara rayuwa inda ba a san shi ba. Akwai rajistar waɗanda kotu ta 'yanta, akwai ta gidan 'yantattun bayi na Zungeru, wasu da sunan ƙabila da garin da aka kamo su. In binciken ya kai ka nan kar ka goge, kuma kar ka ƙirƙiro masa sarautar da ba shi da ita. Mutumin da aka raba da uwarsa yana yaro ya zo ya kafa gidan da yau ya cika da jikoki ya cancanci a san shi yadda yake. Sai dai ka yi shawara da manyan gida kafin ka watsa a guruf, akwai aurarraki da zumuncin da maganar za ta taɓa.

Gwajin DNA da ake tallatawa, ni ban ga ya kai kuɗinsa ba a wannan aikin, zai ce maka kai ɗan Afirka ta Yamma ne ya kawo sunan ƙasashe, ba zai ce Gaya ko Tasawa ba.

Rubutawa

Ka sayi babban littafi mai kauri, kowane mutum shafinsa, kowace magana ka sa wanda ya faɗa maka da ranar, ko lambar fayil ɗin da ka gani a ciki. Ka raba abu uku kar su cakuɗe: abin da ka gani a takarda, abin da wanda ya gani da ido ya faɗa, da abin da aka ji an ce. In Baffa da Gwaggo sun saɓa ka rubuta duka biyun da sunan kowa, wata takardar da za ta fito nan gaba ita za ta raba gardamar. Ka sa mata a bishiyar da sunan gidajen da suka fito, don in ka bi maza zalla rabin dangin ya ɓace. Muryoyin da ka ɗauka da hotunan ka tura su Google Drive ko imel, ka ba mutum biyu a dangi kwafi, ɗaya a Kaduna ɗaya a wani gari, sannan ka buga bishiyar a babbar takarda ka kai taron sallah ko biki ka shimfiɗa a tsakar gida da biro a hannu, a nan ne za a gyara maka kurakurai kuma a nan ne wata za ta ce ai kun manta da 'ya'yan matarsa ta fari da ke Minna, ka rubuta sunan wanda zai ba ka lambarsu kafin a watse.